Kunnena ɗaya ya mutu: ko dashen na'ura zai dawo mini da shi?

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Zariya, shekaruna 34, ina da aure da 'ya'ya uku. Wata 14 ke nan da na tashi da safe, bayan wani zazzaɓi, na tarar kunnena na hagu ya toshe ɗif. Na ɗauka datti ne, aka wanke, aka ɗiga magani, shiru. Da aka gwada ni a asibiti daga baya, sai aka ce kunnen ya mutu, na dama kuwa lafiya lau. Tun daga ranar wani ƙara kamar na injin markaɗe bai bar kunnen ba, dare da rana. A aji, idan yaro ya yi magana sai na yi ta waige-waige, a gidan biki ba na gane komai, kwanan baya ma ɗan acaɓa ya kusa kaɗe ni domin na ji hon amma na kauce ta inda yake tahowa. Maigidana yana cewa in gode wa Allah tun da ɗayan yana ji, surukata kuma gani take share ta nake yi. Yayana da ke zaune a Jamus ya ce akwai na'urar da ake dasawa a cikin kunne ta hanyar tiyata, kuma zai yi ƙoƙarin haɗa kuɗin. Shin zan koma ji kamar da? In yarda ko in haƙura?

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne, ya kuma saka wa yayanki da alheri.

Ba za ki koma ji kamar da ba, kuma duk wanda ya yi miki wannan alkawari bai gaya miki gaskiya ba. Amma abubuwa uku da suka fi damun ki, wato rashin sanin ta inda sauti ya fito, rashin gane magana cikin hayaniya, da ƙaran da ke hana ki sakat, su ne daidai abubuwan da wannan na'ura ta fi taimakawa a kansu ga mai kunne ɗaya. Saboda haka shawarar yayanki abin dubawa ce da gaske. Sai dai akwai gwaje-gwaje da tambayoyi da ya kamata su riga tiyatar, kuma amsarsu ce za ta nuna ko kuɗin zai yi amfani ko zai zama asara.

Maganar maigidanki tana buƙatar amsa tun da wuri, domin muddin mutanen gida suna ganin ba ki da wata matsala, ba za su goyi bayan neman magani ba. Kunne biyu ba ma'ajiya ba ce da ake ajiye ɗaya don ranar da ɗayan ya lalace. Idan aka yi magana ta hagunki, sautin yana riga isa kunnen hagu kafin na dama da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, kuma yana isa da ɗan ƙarfi fiye da yadda yake isa ɗayan. Wannan ɗan bambanci ƙwaƙwalwa take aunawa ta gane daga ina mai magana yake, kuma da shi take ware muryar yaro ɗaya daga surutun yara hamsin. Da kunne ɗaya ya tafi, ma'aunin ya tafi gaba ɗaya. Ga kuma kan mutum da kansa yana tare sauti kamar katanga, musamman siraran sautuka irin su s da sh da ts da f, waɗanda da su ake bambance kalma da kalma. Shi ya sa surukarki, idan ta zauna ta hagunki, za ki ji ana magana amma ba za ki gane me aka ce ba, ko ma ba za ki ji ba sam. Gajiyar da kike kwasowa daga makaranta ita ma daga nan take, domin ƙwaƙwalwarki tana wuni tana cike giɓin kalmomin da suka kuɓuce mata.

Godiya ga Allah da neman magani ba sa karo da juna, kuma ina kyautata zaton maigidanki lallashi yake nufi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki roƙe shi ya toshe kunnensa ɗaya da kyau ya shiga kasuwar Sabon Gari na tsawon awa guda, tare da sanin cewa toshewar tasa rage sauti kawai take yi, ke kuwa babu shi ne ɗungurungum. Surukarki kuma kada ki bari ta ci gaba da zato. Ki zauna da ita, ko maigidan ya yi mata bayani, cewa likita ya tabbatar kunnen hagu ba ya ji, a riƙa yi miki magana ta dama, a kuma kira sunanki ki juyo kafin a fara.

A can cikin kunne akwai wani ɗan ƙashi mai siffar katantanwa, cike da ruwa, da wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi waɗanda ke mayar da girgizar sauti ta zama saƙon lantarki, jijiyar ji ta kai shi ƙwaƙwalwa. A yawancin masu irin matsalarki waɗannan ƙwayoyin ne suka mutu, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa, jijiyar kuwa tana nan da rai. Na'urar da yayanki yake magana a kanta tsallake matattun ƙwayoyin take yi. Ɓangare ɗaya ana sa shi a bayan kunne, mai makirfo da batir, ɗaya ɓangaren kuma likita ne yake binne shi a ƙarƙashin fatar kai, ya zura wata siririyar waya cikin katantanwar, maganaɗisu yana riƙe na waje da na ciki ta jikin fata. Wayar tana ɗauke da wuraren taɓa jijiya, yawanci daga 12 zuwa 22, gwargwadon kamfanin da ya ƙera ta. Lafiyayyen kunne kuwa yana da irin waɗancan ƙwayoyin masu gashi wajen 3,500 masu aika saƙo ta zaren jijiya kusan 30,000. Wannan ratar ita ce dalilin da ya sa na ce miki ba za ki ji kamar da ba.

Shekaru da yawa ba a dasa wa mai kunne ɗaya wannan na'ura. Tun da aka fara dasa irin mai layuka da yawa, a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1977 da Melbon ta Ostareliya a 1978, kurame na kunne biyu ake yi wa, domin likitoci suna ganin ƙwaƙwalwa ba za ta iya haɗa sautin lantarki na wani kunne da sautin asali na ɗayan ba. Abin da ya sauya tunanin shi ne irin ƙaran nan naki. Wani likita a Antwerp ta ƙasar Beljiyam, Paul Van de Heyning, da abokan aikinsa, sun dasa wa masu kunne ɗaya da ƙara ya addaba, suka wallafa sakamakon a 2008: ƙaran ya ragu ƙwarai ga mafi yawansu, sannan aka lura jin nasu ma ya inganta. A 2011 wasu likitoci a Freiburg ta Jamus suka kwatanta dashen da sauran na'urorin da ake ba masu kunne ɗaya, suka ga ya fi su wajen gane magana da gano inda sauti yake. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar kamfanin MED-EL don masu kunne ɗaya a 2019, daga ɗan shekara 5 zuwa sama, ta kuma amince da ta kamfanin Cochlear a 2022. Na kawo wannan ne domin ki san ba gwaji za a yi da ke ba.

Abin da bincike ya yi ta nunawa tun daga lokacin bai sauya sosai ba. Gano ta inda sauti ya fito yana inganta a fili, ko da yake ba ya kai na mai lafiyayyun kunnuwa biyu. Gane magana cikin hayaniya yana ƙaruwa, kuma ribar ta fi yawa a yanayin da ya fi wahalar da ke yanzu, wato mai magana yana ɓangaren mataccen kunne, hayaniya kuma tana ɓangaren mai ji. Ƙaran kunne yana raguwa ga akasarin mutane, wasu ya ɗauke musu muddin na'urar tana kunne, amma sau da yawa yakan dawo idan an cire ta da dare, kuma akwai 'yan kaɗan da bai ragu musu ba ko ma ya ƙaru. Da aka tambayi waɗanda aka yi wa game da rayuwarsu, abin da suka fi ambata shi ne raguwar gajiya da komawa cikin mutane, wato mutum ya daina gudun taro, ya daina zaɓen kujerar ƙarshen layi don kowa ya kasance ta ɓangarensa mai ji.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba. Ranar da aka kunna na'urar, makonni biyu zuwa huɗu bayan tiyata, yawancin mutane ƙara da tsuwwa suke ji, ko murya kamar ta rediyon da bai kama tasha ba. Kurman kunne biyu ba shi da abin da zai kwatanta da shi, saboda haka yakan karɓe ta da murna. Ke kuwa kina da lafiyayyen kunne da zai riƙa nuna miki bambancin a kowane lokaci, kuma ƙwaƙwalwarki za ta so ta yi watsi da sabon sautin ta koma ga wanda ta saba. Wannan ne ya sa ake samun masu kunne ɗaya da aka kashe musu maƙudan kuɗi, daga baya suka jefa na'urar a durowa. Waɗanda suka amfana su ne waɗanda suka sa ta daga farkawa har kwanciya, suka kuma ware lokaci kowace rana suna tura sauti kai tsaye daga waya zuwa na'urar ta Bluetooth, domin kunnen dama kada ya saci amsa. Ana ganin ci gaba cikin watanni uku zuwa shida, yana kuma ƙaruwa har shekara guda ko fiye. A nan kina da wata dama: surorin da kika haddace, idan kika saurare su ta kunnen da aka dasa wa na'urar kina bi da ido a cikin Alƙur'ani, horo ne mai kyau, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta san abin da ke zuwa, sai ta koyi daidaita shi da baƙon sautin. Daga nan sai labaran rediyo, sai muryoyin 'ya'yanki.

Harshenmu ma yana da nasa sha'ani a nan. Na'urar ba ta da ƙwarewa wajen isar da hawa da saukar murya, shi ya sa kiɗa da waƙa ba sa daɗi ta cikinta, kuma an ga wannan rauni ga masu magana da Sinanci, wanda shi ma karin sauti ke bambance ma'anar kalmominsa. Hausa haka take: wuya na jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta miya, karin murya ne ya raba su. Kunnenki na dama zai ci gaba da ɗaukar wannan nauyi, kuma jimla takan fayyace ma'ana, saboda haka ba abin tsoro ba ne. Amma idan aka gwada ki da Jamusanci ko Turanci aka ce an samu sakamako kaza, ki sani horon da zai amfane ki a aji sai kin yi shi da Hausa, da bakin mutanen gidanki.

Kafin duk wannan, sai an tabbatar kin dace da dashen, kuma wannan mataki ba ya buƙatar biza. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko a Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, zai iya sake auna jin kunnuwan biyu ya kuma tura ki ɗaukar hoto. Hoton MRI, wato hoton cikin kai da ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, wajibi ne ko da ba za ki yi dashen ba, domin a cikin masu rasa jin kunne ɗaya akwai 'yan kaɗan da wani ƙari wanda ba na cutar daji ba ne ya tsiro a kan jijiyar ji, kuma ba a gane shi sai da hoto. Shi ne kuma zai nuna ko jijiyar tana nan lafiya, domin idan babu ita na'urar ba ta da wanda za ta ba saƙo. Hoton CT kuma, wanda ke fito da ƙashi a fili, yana nuna ko katantanwar a buɗe take. Ba ki faɗi wane irin zazzaɓi kika yi ba, kuma likita zai so ya sani. Sanƙarau yakan sa katantanwar ta cike da ƙashi cikin watanni, har wayar ta kasa shiga. Hangum yakan kashe kunne ɗaya, zazzaɓin Lasa kuma yakan taɓa jin kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka kamu. Lokaci ma yana da muhimmanci: sharaɗin da aka gindaya a Amurka shi ne kada mutuwar kunnen ta wuce shekara 10, kuma gaba ɗaya wanda bai daɗe ba ya fi samun sakamako. Wata 14 bai yi yawa ba, amma kada a mayar da shi shekara biyar ana shawara.

Tiyatar kanta takan ɗauki awa biyu zuwa uku, ana sa mutum barci, kuma a hannun ƙwararre ba a cika samun babbar matsala ba. Jiri na 'yan kwanaki da sauyin ɗanɗano a gefen harshe sukan faru. Taɓa jijiyar da ke motsa fuska da shigar ƙwayoyin cuta ba su da yawa, amma suna yiwuwa, kuma saboda haɗarin sanƙarau ake yi wa mutum allurar rigakafi kafin aikin.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne kalmar "haɗa kuɗin", domin ina jin kuɗin tiyata kaɗai yayanki yake lissafawa. Na'urar da aikin ana biyan su da dubban kuɗin Turai, wanda a naira miliyoyi ne masu yawa, kuma inshorar lafiyarsa ta can ba za ta ɗauki nauyin baƙuwa ba. Sayen doki daban, ciyar da shi daban. Bayan an kunna na'urar sai an yi ta saita ta da kwamfuta, sau da yawa a shekarar farko, daga baya kamar sau ɗaya a shekara, kuma kowane kamfani da nasa kayan saiti. Batirin da ake yarwa kwana biyu ko uku yake yi, mai caji kuma yana son wuta kullum. Waya takan tsinke, zufa da ƙurar hunturu sukan toshe makirfo, ɓangaren waje kuma bayan 'yan shekaru yakan tsufa a nemi sabo. Idan wani ƙaramin abu ya lalace kina Zariya, babu mai gyara kusa, to kin koma inda kika fito, ga ƙarfe a kai. Don haka kafin a biya ko sisi, yayanki ya samo amsa a rubuce: wane kamfani ne, wa yake wakiltarsa a Najeriya, a wane gari ake saiti, ko ana iya saitawa daga nesa ta intanet, nawa ne kuɗin kayan gyara a shekara, shekara nawa ne garanti, kuma ko na'urar za ta bari a ɗauke ki hoton MRI nan gaba. A kuma tambayi likitocinmu na gida inda ake wannan dashe a cikin ƙasa, domin sakamakon wanda aka yi wa kusa da mai duba shi yakan fi na wanda aka yi wa a babban asibiti mai nisa aka sallame shi. Idan a Jamus za a yi, ki shirya zaman makonni da dama, ki kuma nemi hutu daga wurin aiki tun da wuri.

Ƙananan abubuwa ma ki tambaya, kada kunya ta hana ki. Kitso mai kauri a daidai wurin maganaɗisun yana hana shi kamawa, hijabi da ɗankwali sukan goga makirfo su yi ƙara, kuma akwai samfurin da ke zama a kai kawai ba tare da rataya a kunne ba. Alwala da sujada ba su da matsala, ana dai kiyaye ɓangaren waje daga jiƙewa.

Akwai kuma hanya mai sauƙi da ya kamata ki fara gwadawa, wadda ake kira CROS: ƙaramin makirfo a kunnen hagu yana tura sauti zuwa na dama, babu tiyata, kuɗinta kuma bai kama ƙafar na dashe ba. Za ta sa ki ji surukarki idan ta zauna ta hagu. Ba za ta nuna miki ta inda acaɓa yake tahowa ba, ba za ta rage ƙaran ba, domin har yanzu kunne ɗaya ne yake aiki, kuma a cikin hayaniya takan kwaso surutu ta zuba wa kunnen mai ji. Na'urar da ke aika sauti ta ƙashin kai ita ma iyakarta ke nan. Duk da haka gwajin wata guda yana da amfani, a Amurka ma yana cikin sharuɗɗan dashen, domin akwai waɗanda ta wadatar.

Ko kin yi dashe ko ba ki yi ba, kunnen dama shi ne jarinki yanzu. Ki nisanci lasifikar biki da janareto da injin markaɗe, kada tsinke ko ashana ko auduga su shige shi, kuma duk likitan da zai rubuta miki magani ki gaya masa kunne ɗaya gare ki, domin allurai irin su jentamaisin da sitireftomaisin, da kuma kinin, suna iya taɓa ji, kada a yi miki su a kemis ba da umarnin likita ba. Idan wata rana kika ji na daman ya toshe farat ɗaya, ki tafi wurin likitan kunne a ranar, kada ki tsaya wanke kunnen ko ɗiga magani, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a cikin makonni biyu na farko. A aji, ki tsaya ta yadda yawancin yara za su kasance ta damanki, ki kuma sa dokar ɗaga hannu kafin magana. A bakin titi kuwa ki daina dogara da kunne sam, ki duba hagu da dama sau biyu.

Ra'ayina shi ne ki karɓi tayin yayanki, amma ki roƙe shi ya fara da biyan kuɗin hoton MRI da CT da gwajin CROS a wannan watan. Idan hoto ya nuna jijiya lafiya, katantanwa a buɗe, CROS ba ta biya miki buƙata ba, ga kuma tabbacin mai saiti da kayan gyara da za ki iya kaiwa gare su na aƙalla shekara biyar, to ki yi dashen, domin shekarunki da aikinki da ƙaran da ke damun ki duk suna cikin abubuwan da ke sa a sa ran amfani. Idan tabbacin kulawar bayan tiyata ne ya gagara, a dakata har a same shi. Ki je wurin likita tare da maigidanki, ya ga takardar gwajin da idonsa, ya kuma yi nasa tambayoyin.